Shirun da ke Cikin Minsharinsa

Ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida, la'asar ta ɗan gota, aka yi sallama a ƙofar zaure. Muryar ba ta maƙwabta ba ce. Na aiki babbar 'yata ta duba, ta dawo ta ce wani mutum ne daga tasha, kuma ya ce da ni zai yi magana. Na karkaɗe hannu, na ja mayafi, na tsaya a bayan ƙyaure.

"Maiɗakin direban Jahun ce?"

"Ni ce."

"To ki kwantar da hankalinki, da ransa. Fasinja ma kowa da ransa. Motar ce ta bar titi a gaban Kiyawa ta faɗa gonar mutane. Goshinsa ya fashe, an kai shi asibitin Jahun ana ɗinkewa."

Na ce taya ce ta fashe? Ina jin sa yana kaɗa makullin babur.

"Taya lafiyarta ƙalau, Hajiya. Wanda ke gidan gaba ya ce suna cikin hira ya ji shiru, da ya waiga sai ya ga kan Malam a kan sitiyari."

Na yi masa godiya, na koma na zauna gaban rariya. 'Yata ce ta ƙarasa tankaɗen. Ban yi kuka ba, ban kuma yi mamaki ba, domin na daɗe da sanin wata rana wani zai tsaya a ƙofar nan da irin wannan magana.

Maigidana direban haya ne tsakanin Dutse da Jahun, tun kafin a ba mu jiha. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Buji, ni kuma 'yar Jahun. Malam nake ce masa. Lokacin da aka kai ni ɗakinsa siriri ne, har ƙawayena suna tsokana wai iska za ta ɗauke mini miji. Da aka mai da Dutse babban birni, hanya ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa, sai ya zama daga asuba zuwa magariba yana zaune a mota, abincinsa na tasha, shayinsa mai kauri. Jiki ya buɗe. Wuyan rigunansa na da suka daina ɓalluwa.

Minsharinsa kuwa sananne ne a layinmu. Maƙwabcinmu tela yakan ce tun da muka tare ya daina tsoron ɓarayi, don ba ɓarawon da zai haura gidan da ake niƙa har asuba. Malam ya yi dariya ya ce, "Ka ga ka samu maigadi kyauta, ko godiya babu." Kowa abin dariya ya ɗauke shi. Ni ma haka na ɗauke shi shekaru, domin turakarsa tana kusa da zaure, ni kuma ina ɗakina da yara, ba kullum nake kwana can ba.

Ƙarar ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Abin da ya tsorata ni shirun da ke cikinta ne. Zai ja minshari, ya ja, ya ja, sai ɗif, kamar an toshe bakin tulu. Ƙirjinsa na ɗagawa, cikinsa na motsi, amma babu iskar da ke shiga ko fita. In zauna ina kallonsa, ina cewa a raina yanzu zai saki, yanzu zai saki. Sai can ya zabura da wani irin gurnani kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya haɗiyi iska, ya koma minsharinsa. Ba a jimawa shirun ya sake dawowa. Na koyi zungurinsa da gwiwar hannu. Da safe bai san an yi ba. Sai dai ya tashi da ciwon kai, bakinsa a bushe, ya ce shi fa kamar bai kwanta ba.

Da rana barcin ke zuwa karɓar abin da aka hana shi. Ya sha yin gyangyaɗi da loma a hannu. A masallaci, in liman ya ɗan tsawaita zaman tahiya, sai na gefensa ya ji minshari. A idar, ya fita ya sake alwala, ya rama sallarsa shi kaɗai. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Aljihunsa kullum da goro, har haƙoransa suka rine. Na taɓa ce masa, "Malam, in kana barci numfashinka tsayawa yake. Kamar kana tafiya kana dawowa." Ya ce, "To ai ina dawowa. Ga ni kina gani."

Tsorona ke nan, ranar da ba zai dawo ba, ko a kan shimfiɗa ko a kan titi da 'ya'yan mutane a bayansa.

Da aka sallamo shi daga Jahun da ɗinki a goshi, an ce jininsa ya hau, an ba shi magani. Gida ya cika da 'yan dubiya, kowa da nasa bayani. Yayansa, wanda shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu, ya ce aikin abokan hamayya ne na tasha, ya kawo rubutu a galan. Abokan aikinsa suka ce rashin barcin dare ne, wani ya karɓo masa ƙwayar barci a kemis. Mahaifiyarsa, da muke ce wa Inna, ta aiko daga ƙauye cewa ita ta san abin: wanzamin da ya cire masa beli ranar suna tsoho ne, hannunsa na rawa, bai cire duka ba, ragowar ce ta girma take toshe masa maƙogwaro.

Duk an yi. Ya sha rubutu. Wanzami ya zo da jakarsa ya danne masa harshe ya ɗan yanki abin da ya samu, Malam ya yi kwanaki ba ya iya haɗiyar komai sai koko. Da wurin ya warke minshari ya dawo, muryarsa kawai ta sauya. Ƙwayar barcin ce ta fi tayar mini da hankali. In ya sha, shirun ya fi tsawo, in zungure shi ba ya motsi, sai na kama kafaɗarsa da hannu biyu na jijjiga. Na roƙe shi ya bari. Ya ce, "Ke kin zama likita ne? Tun da na fara sha ko fitsari ba na tashi." A ganinsa sauƙi ne.

Bakanike ya gyara mota, Malam ya koma hanya. Wannan ya zo daidai da shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Mun yi murna kamar kowa. A tasha aka raba wurin zama, mata a baya, maza a gaba. A da akwai wasu mata masu kai kuka da daddawa kasuwa da suka saba kama gidan gaba, ba sa rufe baki daga Dutse har Jahun, suna ciniki da shi, suna yi masa tsiya. Shi da kansa ya taɓa ce mini surutunsu ya fi goro aiki. Yanzu sun koma baya, na gaban kuma dattawa ne da mota na tashi su ma su fara gyangyaɗi. Sai in zauna ina tunanin matan nan da goyonsu, ƙeyarsa kawai suke gani, ba su san halin da idonsa yake ciki ba. Daga azahar kunnena yana titi. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofarmu, sai in ajiye abin da ke hannuna in leƙa zaure.

Likitan da ke duba hawan jininsa a Dutse ne ya ce akwai wani likitan ƙirji a Kano da ya buɗe ɗakin duba masu matsalar barci, ya tura shi can. Yaya ne ya raka shi. Ni ko a raina ban kawo zan bi su ba. Namiji in zai je asibiti ɗan'uwansa ke raka shi.

Suka dawo da yamma, Yaya ransa a ɓace. Ina daga madafi ina jin su a zaure.

"Wannan likita ba shi da ta ido. Mutum ya zo da ciwo, tambayarka ta farko wai wa ke kwana kusa da shi?"

"Yaya, ai aikinsa ne."

"Na ce masa ni ne yayansa, tabarma ɗaya muka tashi, barcinsa lafiya lau. Kai ma ka ce da ka sa kai ka tafi. To me ya rage? Wai sai an kawo matarka. A gidanmu ba a ɗaukar mace a kai ta gaban ƙato ta yi bayanin shimfiɗar mijinta."

Tabarmar da Yaya yake faɗi, rabonsu da ita tun Malam bai fara gemu ba. Amma ba ni da bakin faɗin haka. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Yaya ba, gaisuwa ce a durƙushe, in tashi in ba shi wuri. Magana ta mutu a nan. Malam ya ci gaba da fita da asuba.

Inna ce ta tayar da maganar. Ta zo ganin jikoki bayan an gama girbi, ta yi mana kwanaki. Wata Juma'a Malam bai fita ba, bayan an sauko daga masallaci ya shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida ya miƙe rigingine. Ni da Inna muna gefe muna ɓarar gyaɗa. Ya fara minshari, Inna ta yi murmushi ta ce ubansa ma haka yake. Sai shirun ya zo. Na ga hannunta ya tsaya a cikin kwarya. Ta dube shi, ta dube ni. Ƙirjinsa na ta kokawa, leɓensa ya fara sauya launi. Ta yunƙura za ta tashi ke nan ya zabura ya ja iska.

"Haka yake yi?"

"Kullum, Inna."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Kika yi shiru?"

Na ce na faɗa masa. Ta ce, "Shi da ba ya nan lokacin da abin ke faruwa?" Ba ta ƙara ɓare ko ƙwaya ɗaya ba. Washegari ta aika aka kira Yaya, ta ce masa yarinyar nan za ta je Kano, in kuma kunya ce ta dame shi ita za ta ɗauki kunyar ta ajiye a ɗakinta har su dawo.

Ɗakin likitan a Kano ba wani babba ba ne, a ƙarshen wani dogon baranda yake. Tebur, kujeru, gado biyu da labule a tsakani, da wasu na'urori a lulluɓe da ƙyalle. Likitan ba yaro ba ne, yana da furfura a gemu, maganarsa a hankali. Akwai nas guda, mace mai jiki, ta girme ni. Muka shiga mu uku, domin Yaya ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Ya zauna a kujerar da ke dab da tawa.

Likita ya ce, "Hajiya, ke muke jira. Yaya barcin maigida yake?"

Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Amma ga Yaya a gefena, ina ganin bakin babbar rigarsa ta wutsiyar ido, ga Malam ya sunkuyar da kai. Na ji bakina ya ce, "Lafiya lau."

"Yana minshari?"

"Kaɗan."

Yaya ya gyara zama ya ce, "To ka ji." Likita ya ajiye biro, ya dube ni. Na ji kamar in nutse. An sha wahala an kawo ni, ga shi na rushe komai da bakina.

Nas ɗin ce ta ce, "Likita, bari in auna jinin Hajiya tun da ta zo, na ga idonta ya yi fari." Ta kama hannuna ta kai ni wani ɗan ɗaki na kusa, ta tura ƙofa. Ba ta ɗauko abin awo ba. Ta zauna a kan benci ta ce, "Wancan mai babbar rigar yayan miji ne ko?"

Na ce e.

"Na sani. Ni ma ina da irinsa, in ya shigo ko tari ba na yi. To nan ba kowa, daga ni sai ke sai bango. Kar ki ba ni labari. Yi mini yadda yake yi."

Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, wai in kwaikwayi barcinsa. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "Ƙanwata, kunya za ki kai gida ko miji?" Na rufe ido. Na ja minshari yadda yake ja, na sake ja, sannan na datse numfashina, ina ɗaga ƙirji yadda nasa ke yi. Na riƙe gwargwadon yadda na saba jira, har kaina ya fara juyawa, sannan na saki da irin zaburar da yake yi. Da na buɗe ido na zaci zan tarar tana dariya. Agogon hannunta take kallo, fuskarta ba walwala.

Ta kira likita ya tsaya a bakin ƙofa. Na ja mayafi na rufe fuska na sake yi. Daga nan bakina ya buɗe. Na faɗi ciwon kan safe, da gyangyaɗin masallaci, da ƙwayar kemis, da gonar Kiyawa wadda ashe a zuwan farko ba wanda ya ambata masa ita.

Ya ce ba sai an jira dare ba kafin a fara ganin wani abu. Aka ce Malam ya hau gado ya kwanta yadda ya saba. Aka maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai kama da abin matse shanya, da waya zuwa wata na'ura mai nuna lamba. Likita ya ce tana auna yawan iskar da ke cikin jini. Malam yana cewa shi ba ya iya barci a baƙon wuri. Kafin nas ta gama jan labule ya tafi.

Likita ya yafito Yaya ya ce ya zo ya tsaya nan. Minshari ya cika ɗakin. Sannan ya yanke. Lambar ta fara sauka, tana sauka, na'urar ta kama ƙara. Yaya ya ce, "Innalillahi," ya miƙa hannu zai girgiza shi, likita ya riƙe masa hannu. Muka tsaya. Can Malam ya zabura, lambar ta fara hawa. Kafin a tashe shi sai da ya yi haka ya fi a ƙirga.

Likita ya ce, "Alhaji, abin da take gani ke nan kowane dare."

Yaya bai dube ni ba. Amma a tasha, da za mu komo, ya sayi lemo ya ba Malam ya ce ya miƙo mini.

Bayanin likita bai yi wuyar ganewa ba. Ya ce maƙogwaron mutum ta ciki nama ne mai laushi. In aka yi barci naman yana saki, ga mai kaurin wuya kuma, musamman in ya kwanta rigingine, sai harshe da naman su faɗa baya su rufe hanyar iska. Jiki ya ji zai halaka, ya farkar da shi ya yi numfashi, ya koma, hanya ta sake rufewa. Don haka shekara da shekaru Malam bai yi barcin kirki ba, zuciyarsa kuma tana ta dakon wannan wahala, shi ne hawan jinin. Ya ce ba sammu ba ne, ba kuma beli ba ne.

Ya ce a zubar da ƙwayar barci yau ɗin nan. A rage tuwon dare da maiƙo, ya riƙa tafiyar ƙafa. A ɗaga masa kai, kuma kada ya ƙara kwanciya rigingine. A wasu ƙasashe, in ji shi, ƙaramar ƙwallo ake ɗinkewa a bayan rigar barci, da mutum ya juya ta tokare shi ya koma gefe. Maganin gaske wani inji ne da ake ɗaura bututunsa a hanci yana hura iska a hankali ya hana hanyar rufewa, amma sai an kwana da shi a ɗakin an jona masa wayoyi a kai da ƙirji, an ga ƙarfin iskar da zai buƙata. Na'urar wannan gwajin tana jiran gyara, ga kuma layi. Aka ce mu dawo bayan babbar sallah. Na so in tambaya yadda injin zai kwana yana aiki a Dutse, inda wuta ke zuwa ta gaishe mu ta koma, na bar wa ranar.

Daga ƙarshe ya dubi Malam ya ce, "Mota kuma ka ajiye ta."

A kan wannan muka fi daɗewa. A gida ya ce, "In ajiye mota mu ci me? Ƙasa?"

Na ce, "Abin da za mu ci ranar da aka kawo ka a kwance, shi za mu fara ci tun yanzu."

"Bakinki ya buɗe tun da kika je Kano."

"Ku kuka kai ni."

Ya yi kwanaki ba ya cin abincina da daɗin rai. Wata safiya na ga ya fita ba makulli. Ya ba wani direba motar yana kawo masa abin da ya samu, shi kuma ya koma zaman tasha yana lodin fasinja. Abokansa suka sa masa suna sarkin barci. In ya zauna a benci wani ya ce, "A kawo wa mai martaba matashi." Yana dariya a can, ya dawo gida ya yi shiru.

Ƙwallo irin ta likita ba mu da ita. Na ɗauki ƙodagon goruba da yara suka gama gwaigwaya, na wanke, na naɗe da tsumma, na yi masa aljihu a bayan wata tsohuwar 'yar shara, daidai tsakanin kafaɗu. Ranar farko ya juya rigar a hannu ya ce, "Yau kuma raƙumi aka mai da ni, har da tozo." Sannan ya kafa mini sharaɗi: kada wani mahaluki ya gan ta. In 'yan tasha suka ji, ya ce, sai dai ya bar garin. A cikin ɗaki nake shanya ta.

Ta yi aiki gwargwado. Shirun bai tafi ba, amma ya rage tsawo, ya rage yawa. Na tattara na koma kwana a turaka gaba ɗaya, matan layi suna ce mini amarci ya dawo, ina ba su amsa da murmushi. Barcina ya zama rabi, hannuna kullum a kusa da kafaɗarsa. Akwai safiyar da ya tashi ya ce kansa wasai. Akwai Juma'ar da ya dawo yana ba ni labarin huɗuba daga farko har ƙarshe, yana murna kamar yaron da ya kai hadda. Wuyan wata tsohuwar rigarsa ya ɓallu. Na fara sa ran za mu kai bayan sallah.

Ana saura 'yan makonni sallah baffansa ya rasu a ƙauye. Dole ya je ya zauna har sadakar uku. Autana yana fama da ƙyanda, ban isa in bi shi ba. Na ninke 'yar sharar na sa a ƙasan jakarsa, na ce, "Malam, don Allah."

Ya ce, "A zaure fa za mu kwana, cikin maza."

"Ka sa ta a ƙarƙashin riga. Wa zai gani?"

"To, na ji."

Yaya ne ya zo da kansa, da hantsi, kwana biyu da tafiyar. Bai tsaya a zaure ba, ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba sai da Malam. Jakar na hannunsa. Da na gan ta ban buƙaci ya yi magana ba.

Daga baya, a wurin zaman makoki, na ji yadda aka yi. Baƙi sun yi yawa, aka shimfiɗa musu tabarmi a zauren gidan baffan. Yaya yana gidansa a can gefen gari. Daren farko an sha dariyar minsharin, wasu suka ja tabarmarsu waje. Dare na biyu ma haka, har wani ɗan'uwansu ya ce gobe sai dai a kai shi rumbu ya kwana. Wajen asuba suka ji ya yi shiru. Wani ya ce alhamdulillahi, yau dai za a rintsa. Suka gyara kwanciya. Da aka kira salla kowa ya tashi, shi bai tashi ba. A rigingine suka same shi.

Ban ga laifinsu ba. Duk wanda bai sani ba, in mai minshari ya yi shiru sauƙi yake gani. Ban tambayi Yaya dalilin da bai gaya musu su riƙa zungurinsa ba. Na san abin da ke riƙe bakin mutum, ya taɓa riƙe nawa a gabansa. Rigar tana ƙasan jaka da ninkin da na yi mata. Kwana ya ƙare, haka kowa ya ce mini, kuma na yarda.

Ranar da aka ba mu ta komawa Kano ta same ni cikin takaba. Na san a can za a kira shi a baranda, a ji shiru, a kira na bayansa. Na yi niyyar in na fita zan je da kaina in gaya wa likitan da nas ɗin nan abin da ya faru, kada su zaci mun raina maganarsu ne. Ina kuma so in tambaye shi ko abin yana bin jini, domin ina da 'ya'ya maza, babban ya fara kaurin wuya. Na fita takaba, shekaru sun bi bayanta. Gwajin ba a yi shi ba, ni kuma har yau ban je ba.